Kwalba Ɗaya, Darasi Uku

9 ga Fabrairu

'Yar Darakta,

A irin wannan watan ne masinja ya miƙo mini takardar sallama daga cibiyar bincike, da sa hannun mahaifinki a ƙasa, ya ja masa layi biyu kamar yadda yake yi tun muna 'yan makaranta. Tun daga ranar babu wanda ya taka ƙofata daga gidanku, ko a haihuwa ko a rasuwa. Sai yanzu ga wasiƙarki, kina kirana Baffa. To, Baffan ne. Kakana da kakan mahaifinki ciki ɗaya suka fito, wannan kuwa biro ba ya soke shi.

Na amsa gaisuwarki. Ina nan lafiya, in ban da kunne da ya yi nauyi. Saboda shi na rabu da waya, kada ki wahalar da kanki neman lambata. Direban da ya kawo taki wasiƙar shi zai riƙa kai miki amsa, a gaban shagonmu yake lodi. Innarki, matata, tana gaishe ki, ta ce rabonta da ke tun kina cin ƙasa. Kin ce mahaifinki yana fama da hannu. Allah ya sawwaƙe. Hannu ne da ya sha aiki.

Kin tambayi abin da nake yi yanzu. Sabulun ruwa nake haɗawa a durom, a bayan shagon wani mutum da bai gama firamare ba. 'Yan kasuwa suna kirana Farfesan Kumfa. Jiya mai shagon ya leƙo ya ce, "Farfesa, a ƙara ruwa mana. Masu saye launi suke kallo, ba karatu ba." Na ƙara. Ni ne fa na koya wa mahaifinki riƙe bututun awo ba tare da hannu ya yi rawa ba. Gurbi ɗaya aka bayar na digiri na uku, ya tafi, na tsaya ina riƙe masa ɗakin gwaji. Da ya dawo da digirin, ya hau kujerar Darakta, sai aka ce za a rage ma'aikatan da ba su da shi.

Ga abin da na fahimta a wasiƙarki, ki gyara mini in na yi kuskure. An aiko miki da 'yar kwalba ɗaya ta feftaid, wato guntun furotin da aka daskarar aka zuƙe ruwansa ya koma gari. Kin jira ta fiye da shekara, kuma ba za a sake ba ki wata ba. Da ita za ki gwada ko tana hana ƙwayoyin ciwon daji yaɗuwa a faranti. Kwamitin makarantarku zai zauna a watan Mayu, in ba ki kai sakamako ba a cire ki daga shirin digirinki. Farfesanki ya tafi ƙasar waje ba ya amsa saƙo, intanet kuma kowa da abin da yake faɗa. Shi ne aka tuna akwai wani tsoho a dangi.

Zan koya miki, amma yadda aka koya mini. Ba na zuba wa ɗalibi amsa a tafin hannu. Darasi uku ne, ɗaya bayan ɗaya, kuma kada ki buɗe kwalbar nan sai na ce ki buɗe.

Na farko. Ki bar ta a firiza. Ranar da za a buɗe ta, a fito da ita a ajiye a rufe har sanyinta ya fita sarai, don garin nan mayen danshi ne, in ya sha iska da sanyinsa ya jiƙe. Sannan a sa ta a injin wulwulawa, garin da ya manne a murfi wajen tafiya ya sauka ƙasa. Na ga babban mutum ya buɗe ba tare da ya yi haka ba, rabin aikinsa ya tashi a iska yana kallo.

Ga aikin gida. Ki lissafa mini ruwan da za a zuba a samu ƙarfin milimola ɗaya. Ki nuna mini kowane mataki, ba na karɓar amsa tsirara.

Baffanki


20 ga Fabrairu

Baffa,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan ta same ka da sauƙin kunne, da Inna da kowa lafiya. A gaishe mini da Inna, a ce mata na daina cin ƙasa, yanzu alli nake shaƙa a aji. Mama tana gaisuwa. Baba yana nan, hannun dai sai a hankali.

Na karanta wasiƙarka a tsaye a tasha, na sake karantawa a zaune. Abin da ya shiga tsakaninka da Baba ban san shi da kyau ba, ina ƙarama lokacin, kuma a gidanmu ba a tayar da zancen. Ba ni da bakin da zan sa a ciki. Abin da na sani shi ne, tsohon da yake kula da ɗakin gwajinmu ya yi aiki a cibiyarku yana saurayi, da na ambace ka sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya ce, "Wannan mutumin baffanki ne? Ke kuwa me kike nema a intanet?" Shi ya sa na rubuto. Ba wanda ya aiko ni.

Kwalbar tana firiza, a cikin gwangwani, na rubuta a jiki cewa duk wanda ya taɓa ban yafe ba. Kullum da safe sai na buɗe na leƙa ta. Garin bai kai abin da zai rufe farce ba, Baffa. In na tuna shekaruna uku suna kwance a gindin kwalbar nan sai na yi maza na rufe firizar.

Ga aikin gida. An rubuta miligiram biyar a jikin kwalba. Nauyin mol ɗaya, wato ma'aunin da muke ƙirga sinadari da shi, giram dubu biyu ne. Na raba biyar da dubu biyu, na samu maikuromol biyu da rabi. Milimola ɗaya kuwa maikuromol ɗaya ne a kowace mililita. Ke nan ruwa mililita biyu da rabi. Na ba abokiyar zamana ta duba, ita ma haka ta samu.

Ina roƙon alfarma, in da hali a haɗa mini darasi na biyu da na uku a wasiƙa ɗaya. Gwajin yana cin makonni, ƙwayoyin kuma ba sa jira, tun yanzu nake rainonsu kamar jarirai.

'Yarka


3 ga Maris

'Yar Darakta,

Gaisuwarki ta iso. Kunne yana nan yadda yake, bayana ne ya shigo layi, don durom ba ya motsa kansa. Innarki ta yi dariyar zancen allin har ta share hawaye. Ni ban ga abin dariya ba.

Lissafinki ba daidai ba ne. Rabawar ta yi, ninkawar ta yi, amsar ta faɗi. Ke da abokiyar zamanki kun gaskata abin da aka rubuta a jikin kwalba. Ni a kasuwa nake yanzu, na san yadda rubutun jikin kwalba yake. Namu an rubuta “mai ƙarfi ninki uku”.

Garin da kike leƙawa kowace safiya ba duka ne feftaid ba. Akwai gishirin da ya biyo shi daga wajen tacewa, akwai ɗan ruwan da ya ƙi fita. Sikeli bai san bambanci ba, duka yake aunawa. In kin zuba mililita biyu da rabi, ruwanki zai fi abin da kike zato rauni, duk lambar da za ki kai wa kwamiti ƙarya ce, kuma ba za ki san kin yi ƙarya ba. Irin wannan ƙaryar ta fi yawa a cikin takardun da ake samun girma da su. Na san wasu.

Akwai takardar da kamfani ya haɗo da kwalbar. Na tabbata tana cikin kwali, ba wanda ya buɗe ta. Ki nemo ta, ki karanta har ƙananan rubutun, ki gano da kanki lambar da kika tsallake. Wannan shi ne darasi na biyu. Ki kuma kwafo mini jerin amino asid ɗin da aka gina feftaid ɗin da su, harafi bayan harafi, da babban rubutu.

Kin ce a haɗa miki darussa. Innarki ma haka ta ce. Tana tsaye a kaina ina rubutu ta ce, "Malam, yarinya ta tambaye ka hanya, ka nuna mata mana. Sai ka ce mai ɗaukar fansa." Na ce mata in an nuna wa mutum hanya gaba ɗaya, rabi yake ji. Na gwada a kan mahaifinki. Duk abin da na sani na juye masa a wata shida, don zai yi tafiya kada ya ji kunya a gaban baƙi. Kin ga abin da ya biyo baya.

Kin ce ba wanda ya aiko ki. Na yarda. Amma mahaifinki ya san kina rubuto mini? In ya sani, me ya ce?

Baffanki


12 ga Maris

Baffa,

Barka da war haka. Allah ya ba bayan nan lafiya. Akwai man shafawa da na ba direba ya kawo maka, a shafa da safe kafin a fita. A gaida Inna, a ce mata na gode da ta shigar mini faɗa.

Ka yi gaskiya, takardar tana cikin kwali, a ninke yadda ta zo. Kunya ta kama ni ni kaɗai a ɗaki. An rubuta cewa ainihin feftaid kashi tamanin ne cikin ɗari na nauyin garin. Ke nan miligiram huɗu nake da shi, ba biyar ba. Huɗu a raba da dubu biyu, maikuromol biyu. Ruwa mililita biyu cif. Da na nuna wa tsohon da yake kula da ɗakin gwaji sai ya riƙe haɓa ya ce, "Shekara nawa muna zuba ruwa a nan ba wanda ya taɓa buɗe takardar nan." Abokiyar zamana kuma ta ce a tambaye ka ko kana karɓar wasu 'ya'yan.

Jerin yana bayan wannan takarda, na rubuta shi da manyan haruffa, na duba sau da yawa.

Ka tambaya ko Baba ya sani. Na gaya masa. Bai ce komai ba. Don Allah Baffa kada ka ɗauki wannan da wata manufa.

An liƙa sanarwa, kwamiti zai zauna a tsakiyar Mayu. In ban fara ba kafin ƙarshen wannan watan, ba zan gama ba. Ƙwayoyin sun cika farantansu, ina ta raba su ina jira. Ina sauraron darasi na uku.

'Yarka


21 ga Maris

'Yata,

Man ya iso, ya kuma yi amfani, na gode. Innarki lafiya.

Mililita biyu. Daidai ne. Kin gano da kanki, ba za ki sake mantawa ba har ki mutu. Na nuna wa mai shagonmu takardar, ya juya ta sama da ƙasa ya ce, "Farfesa, wannan duk a kan abin da bai kai ƙwayar gero ba?" Na ce masa eh. Ya ce Allah ya kyauta.

Na duba jerin da kika aiko. Na daɗe ina kallonsa. Na ga abin da na gani, kuma shi ne darasi na uku.

Amma kin ce kin gaya wa mahaifinki bai ce komai ba. Na san wannan shirun. Shi ya yi a ɗakin taro ranar da aka karanta sunayen waɗanda za a sallama, yana kallon agogonsa. Shi ya yi da muka haɗu a bakin asibiti, ya ɗaga gilashin mota. Yanzu 'yarsa tana cin ilimina, yana kwance a kujera yana jin daɗi an samu malami kyauta, ko sannu ba zai iya cewa ba.

Ba na neman ya ba ni haƙuri, na wuce wannan. Layi biyu nake so, da hannunsa, ba da naki ba, ba da na'ura ba. Ya rubuta, “Yaya, ga 'yarka nan, ka taimaka mata.” Yaya yake kirana kafin ya zama Darakta. Hannun da yake ciwo bai hana shi cin abinci ba, na sani. Ranar da takardarsa ta zo, a ranar direba zai juya da darasi na uku. Kwana nawa ne a ciki? Yana da sauran lokaci, ke ma kina da shi.

Kwalbar ta zauna a inda take.

Baffanki


6 ga Afrilu

Baffa,

Ina gaisuwa da girmamawa, ina fata kowa lafiya. Na ji daɗi da man ya yi aiki.

Ka yi mini afuwa. Takardar da ka nema daga Baba ba za ta samu ba yanzu, kuma ba ni da izinin faɗin dalili. Na jira har ƙarshen wata ina neman yadda zan yi, ban samu ba. Na zauna na yi tunani: ka koya mini buɗewa, ka koya mini lissafi, abin da ya rage ai ajiya ce. Na karanta a kan ajiya sosai. Don haka na saɓa maka, na buɗe kwalbar. Na gwammace ka yi fushi da ni da in rasa gurbina.

Komai yadda ka ce na yi. Na bar ta a rufe har sanyinta ya fita. Na wulwula ta, na ga garin ya taru a gindi. Na auna mililita biyu na ruwan gishirin da muke ba ƙwayoyi, hannuna bai yi rawa ba, da ka gani da ka yi alfahari.

Da farko na tsorata. Ruwan ya yi fari kamar an ɗiga madara, da wasu 'yan gudaji suna yawo. Na girgiza, na ɗan ɗumama, bai sauya ba. Sai na tuna dama dole a tace duk abin da za a ba ƙwayoyi saboda ƙazanta. Na ɗaura 'yar matata a bakin sirinji na tura. Ya yi tauri, sai da na sa hannu biyu. Baffa, ruwan da ya fito garau, kamar hawaye! Har tsohon da yake kula da ɗakin gwaji ya ce, "To, 'yar gidan Baffa ta iya." Na raba shi a ƙananan kwalabe na daskarar, don kada a yi ta narkarwa ana mayarwa. Ka ga na ci darasi na uku ba a koya mini ba?

An fara gwaji, ƙwayoyi suna sha. A sa ni a addu'a. In na gama zan zo da kaina na durƙusa na ba da haƙuri, na kuma ga durom ɗin nan.

'Yarka mai laifi


29 ga Afrilu

'Yata,

Ki tsayar da komai. Ki nemo matatar nan.

Wasiƙarki yau ta zo hannuna. Motar direba ta lalace a hanya, ta kwana a gareji makonni, takardarki tana cikin aljihun gaban mota. Da na yi masa magana ya ce, "Haba Farfesa, takarda ce fa, ba tumatir ba." Da ina da ƙarfin da nake da shi a da, da an raba mu.

Darasi na uku ba ajiya ba ne. Ajiya kowane mai shara a ɗakin gwaji ya san ta. Darasi na uku shi ne abin da za a narkar da garin a ciki. Jerin da kika aiko, fiye da rabinsa amino asid ne masu gudun ruwa, irin halin mai. Irin wannan feftaid ba ya narkewa a ruwa, balle ruwan gishiri. Ana ɗibar ɗan kaɗan a gwada a gefe. Ana fara jiƙa shi da 'yan ɗigo na sinadarin da ke narkar da mai, sai ya narke sarai, sannan a riƙa ƙara ruwa a hankali har a kai mililita biyun.

Farin da kika gani da gudajin, shi ne feftaid ɗinki. Bai narke ba, yana yawo ne. A lokacin bai lalace ba, ana iya ceto shi. Taurin da kika ji a sirinji, shi ne yake toshe matata. Abin da ya fito garau ruwan gishiri ne. Shi kike ba ƙwayoyinki.

In matatar tana nan, ko a kwandon shara ne, ki ɗauko ta ki sa a firiza. Ana iya wanke ta da sinadarin a samu wani abu. Ki auna ruwan da kika daskarar a na'urar haske, ki ga ko akwai saura. Na biya wani mai mota daban ya kawo miki wannan yau.

Na ce kada ki buɗe.

Baffanki


20 ga Mayu

Baffa,

Ina gaisuwa. A gaida Inna.

Sharar ɗakin gwaji duk mako ake ƙona ta. Na je wajen da ake ƙonawar duk da haka, na tsaya ina kallon toka, mai gadi yana tambayata ko ɗan kunne na yar. Na auna ruwan a na'urar haske. Layin ya kwanta, babu komai.

Kafin wasiƙarka ta zo na riga na ga alama. Ƙwayoyin da na ba magani da waɗanda ban ba ba, duk girma ɗaya suke yi, har sun fi ni lafiya. Na ɗauka feftaid ɗin ne ba ya aiki, na ce ko wannan ma sakamako ne, zan kai. Da na karanta wasiƙarka na san ko wannan ba ni da shi. Na gaya wa kwamiti gaskiya. Farfesana ya dawo ana saura kwana kaɗan, ya zauna a cikinsu, ya tambaye ni a gaban kowa, "Wa ya koya miki tace abin da bai narke ba?" Na ce ba kowa. An cire ni. Na mayar da makullin ɗakin gwaji.

Yanzu zan faɗi abin da aka hana ni faɗa, tunda babu sauran abin da zan rasa. Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki tun bara. Ɓangaren dama gaba ɗaya. Ba ya magana. Abinci a baki ake ba shi, Mama ce take ba shi, in na je ni nake karɓarta. Da na ce maka na gaya masa bai ce komai ba, iyakar gaskiyar ke nan. Mama ta rantsar da ni kada ka ji, ta ce ba za ta bari ka yi mana dariya ba.

Da wasiƙarka ta zo mai neman layi biyu, na tafi gida. Na karanta masa. Na sa masa biro a hannun hagu na riƙe takardar. Ya ja wani layi da ya fita daga takardar ya hau zanin gado, sai ya rufe ido. Na yi tunanin na kwaikwayi rubutunsa, sai na tuna kai ka san shi tun kuna 'yan makaranta.

Laifin buɗewa nawa ne, ban ɗora wa kowa ba. Amma Baffa, tun watan Maris jerin nan yake hannunka. Kalma uku sun isa: ban da ruwa. Sauran ka riƙe har Baba ya rubuto.

Na koma gida, ina jinyar Baba. Kada a wahalar da direba.

'Yar Darakta


2 ga Yuni

'Yata,

Kin ce kada a wahalar da direba. Aikinsa ke nan, ya wahala.

Ina yi wa mahaifinki sannu. Ki faɗa masa a kunnen da yake ji da shi, ki ce Yaya ne. Na daɗe ina hasko ranar da zan ji labarin faɗuwarsa, ina motsa durom ina shirya abin da zan ce. Ranar ta zo, ban ji komai ba sai ɗacin da na saba tashi da shi. Ki gaya wa mahaifiyarki ban yi dariya ba. Ta san ni shekara da shekaru, ga abin da ta ɗauke ni.

Kin ce kalma uku sun isa. Na rubuta miki kada ki buɗe, na sake rubutawa. Da an gaya mini mutumin ba ya iya riƙe cokali, da ban nemi ya riƙe biro ba. An ɓoye mini, kamar yadda aka saba a gidanku, a yanke magana a ɗaki a bar ni na ji a bakin masinja. Farfesanki da ya bar ɗaliba da kwalba ɗaya ya tafi yawon taro, yau shi ne mai tambaya a kwamiti, kuma gobe za a ƙara masa girma. Tsohon da ya tsaya yana kallo kina tura sirinji da hannu biyu, yana yaba miki, yana nan a kan aikinsa. Na san irin wurin nan. Ba a taɓa korar wanda ya kamata ba.

Innarki ba ta yi mini magana ba tun ranar da na karanta mata wasiƙarki, sai abin da ya zama dole. Ta ajiye abinci ta fita. Shekaranjiya na ce mata ai na gargaɗi yarinyar. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Ka gargaɗe ta, Malam. Kowa ya shaida." Ta ja labule.

A cikin ambulan ɗin nan akwai shafi biyu. Na rubuta hanyar gaba ɗaya, tun daga fito da kwalba daga firiza har raba ruwan a daskarar, da lissafin, da yadda ake gane mai gudun ruwa daga jerinsa, da abin da ake yi in ruwa ya yi fari. Ban rage komai ba, ban bar miki aikin gida ba. Na rubuta a kan murfin durom, in kin ga tabon shuɗi a gefe sabulu ne.

Na sake bin lissafinki kafin na rufe. Babu kuskure ko ɗaya a ciki. Feftaid miligiram huɗu ne, an ƙone shi a cikin matata, kuma an cire ki daga shirin.

Baffanki